Wayar Da Kai Kan Lafiyar Ƙwaƙwalwa: Idan An Watse Daga Taro, Ina Za A Kai Mara Lafiya?

A watan Oktoban da ya gabata na halarci wani taro da wata ƙungiyar matasa ta shirya a zauren wani otal, albarkacin Ranar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Duniya. Da safe an yi tattaki, kowa sanye da farar riga da ɗan koren ƙyalle a ƙirji, daga nan aka shiga zaure aka saurari jawabin uban taro da na babban baƙo da na masu gabatar da ƙasidu, kusan duka da Turanci. Da aka zo lokacin tambayoyi sai wata dattijuwa da ke zaune can baya ta nemi a miƙo mata lasifika. Ta ce ɗanta ya daina barci, ya daina wanka, yana magana shi kaɗai, kuma ya fara zargin cewa ana zuba masa wani abu a abinci. Tambayarta biyu ce: ina za ta kai shi, kuma nawa za ta riƙe? Mai gabatarwa ya yi mata addu'ar samun sauƙi, ya ce: "Mama, ki daure ki tuntuɓi ƙwararru." Aka tafa, aka wuce zuwa jawabin godiya.

Wannan amsa ce ta sa na ɗauki alƙalami. Matsayina shi ne, duk ƙungiyar da za ta tara jama'a da sunan wayar da kai kan lafiyar ƙwaƙwalwa, wajibi ne ta shiga wurin taron da amsar waɗannan tambayoyi biyu a rubuce: sunan asibitin da ya fi kusa, ranar da ake ganin likita, abin da kati da magani za su ci, da lambar mutumin da zai ɗaga waya idan an kira. Ƙungiyar da ba ta da wannan amsa, abin da ya dace ta yi shi ne ta ɗage taron ta je ta nemo ta. Tara mutane a ce musu ciwonsu yana da magani, sannan a kasa nuna musu hanyar wurin maganin, kamar a yi shelar walima ne a gari alhali ba a ɗora tukunya ba.

Ba ƙin tarukan nake yi ba

Ya kamata a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Tun shekarar 1992 ake ware ranar 10 ga Oktoba domin wannan batu a duniya, amma a Najeriya sai cikin shekarun baya-bayan nan ne maganar ta fito fili, kuma matasa ne suka fito da ita. Ƙungiyoyi irin su Mentally Aware Nigeria Initiative (MANI) da She Writes Woman, waɗanda aka kafa a 2016, sun sa mutane da yawa sun fara faɗin abin da a da ake rufewa a ɗaka. Hauwa Ojeifo, wadda ta kafa ta biyun, ta tsaya a gaban 'yan majalisar tarayya a 2020 ta yi magana a matsayin wadda take fama da ciwon da kanta. Irin wannan matsin lamba yana cikin abin da ya kai ga Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin dokar 1958 da muka gada daga Turawan mulkin mallaka, dokar da babban abin da ta sani shi ne tsare mara lafiya.

To amma abin lura shi ne, waɗannan ƙungiyoyi ba su tsaya a kan tattaki ba, sun buɗe layukan waya da zaman tallafa wa juna, sun kuma bi doka har majalisa. Ƙorafina yana kan ɗimbin ƙananan ƙungiyoyin da suka kwaikwayi rigar da hoton, suka bar aikin.

Shin jahilci ne ke hana mutane zuwa asibiti?

Hujja ta farko da ake kawo mini ita ce, ai wayar da kai shi ne matakin farko, domin mutanenmu sun ɗauka komai aljanu ne ko sammu, kuma sai an kawar da wannan tunani kafin a yi maganar asibiti. Akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ta kai yadda ake kururuta ta ba.

A shekarar 2004 wasu likitoci daga Kano sun wallafa binciken da suka yi a ƙauyen Karfi, inda suka tambayi manya 250 abin da suke ganin yana jawo taɓin hankali da kuma inda ya kamata a nemi magani. Abin da mutanen ƙauyen suka fi ambata a matsayin sanadi shi ne shaye-shaye, ya sha gaban ƙaddara da kuma aljanu ko sihiri. Kusan rabinsu kuma sun ce asibiti suka fi so a kai mara lafiya. Wannan fa ƙauye ne, kuma fiye da shekara 20 ke nan. Saboda haka zancen cewa talaka bai san akwai maganin asibiti ba, zance ne da ke faranta ran mai ilimi, domin yana ɗora laifin a kan talaka.

Abin da ke hana shi zuwa ya fi wannan nauyi. Manyan asibitocin wannan fanni da aka sani a Arewa su ne na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da na Dawanau a Kano, sai kuma sassan da ke cikin asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha faɗa cewa yawansu bai kai 300 ba a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, kuma akasarinsu a manyan birane suke, wasu kuma kullum barin ƙasar suke yi.

A duba abin da wannan yake nufi ga magidancin da ke ƙauye, wanda ƙaninsa ya fara fisge-fisge. Ba zai sa shi a motar haya tare da sauran fasinjoji ba, domin direba ba zai yarda ba, sai dai ya yi shatar mota. Yana bukatar ƙarti biyu da za su riƙe shi a hanya, kuma su ma sai an ciyar da su, ga aikin gonarsu da suka bari. Idan an isa, akwai kuɗin kati, akwai na gwaji, akwai na magani, sannan a ce ya dawo bayan mako biyu. Dawowar nan ita ce take karya mutane. Akuyar da aka sayar ta biya zuwan farko, na biyu kuma babu abin sayarwa, sai magani ya ƙare, ciwo ya dawo, dangi su yanke hukuncin cewa "na asibitin bai karɓe shi ba", a juya zuwa wurin mai magani da ke bayan gari wanda zai karɓi kaza ko alkawarin biya bayan kaka.

Sai kuma kunya, wadda ita ma ba wauta ba ce. Uwar da ke ɓoye cewa 'yarta tana shan maganin ƙwaƙwalwa ta san abin da zai faru idan dangin mai neman aure suka zo bincike a unguwa. Ta ga yadda aka fasa auren 'yar maƙwabta a kan farfaɗiya. Ba jawabin da za a yi a otal ne zai sauya lissafinta ba. Abin da zai sauya shi shi ne ta ga wata yarinya a unguwarsu wadda ta sha magani ta warke, ta yi aure, ta haihu, tana zaune lafiya a ɗakinta, domin gani ya kori ji. Idan haka ne, to samar da magani shi kansa wayar da kai ne, kuma ya fi kowane allon talla tasiri.

Abin da ya kamata a faɗa idan an tara mutane

Ko a ɓangaren bayanin ma, abin da ake faɗa a yawancin tarukan nan bai dace da bukatar masu sauraro ba. Ana maimaita cewa kusan mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022, ana cewa a daina tsangwama, a riƙa motsa jiki, a riƙa hutawa. Duk gaskiya ne, amma babu wanda zai koma gida da wani abu da zai yi amfani da shi gobe.

Ga irin bayanin da iyali suke bukata. Maganin matsananciyar damuwa ba ya aiki kamar maganin ciwon kai, yakan ɗauki makonni kafin a fara ganin sauyi, don haka wanda ya sha na kwana biyar ya watsar bai gwada shi ba tukuna. Wanda ya samu sauƙi kada ya daina shan magani sai likita ya ce, domin da yawa daga cikin waɗanda ciwonsu yake tashi daga nan ne yake tashi. Wasu tsofaffin magungunan taɓin hankali suna sa wuya ya sandare, ko hannu ya riƙa rawa, ko yawu ya riƙa zuba, kuma idan dangi suka ga haka sai su tsorata su ce an ƙara haukata shi, alhali akwai ƙwayar da ke magance wannan, ko kuma a rage masa adadin da yake sha. Ga wanda ba ya yarda ya haɗiyi ƙwaya kullum, akwai allurar da ake yi bayan 'yan makonni.

Haka kuma akwai alamomin da ba a jira da su. Mai jego da ta kwana biyu ko uku ba ta runtsa ba, tana ƙin shayar da jaririnta ko tana cewa ba nata ba ne, wannan asibiti za a kai ta a ranar, kuma kada a bar ta ita kaɗai da jaririn. Saurayin da ya fara cewa shi gara ya mutu ya huta, yana rarraba kayansa, yana neman gafarar mutane ba tare da wani dalili ba, ba faɗa yake bukata ba, a zauna da shi a tambaye shi kai tsaye, a kuma kawar da maganin ƙwari da na ɓera daga inda hannunsa zai kai.

Akwai kuma kuskuren da ya yi katutu wanda tarukan ba su cika taɓawa ba, wato ɗaukar cewa duk saurayin da hankalinsa ya taɓu ɗan ƙwaya ne. Shaye-shaye babbar matsala ce, binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 da suka yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, kuma a shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Amma da yawa daga cikin masu taɓin hankali ko sigari ba su taɓa sha ba, kuma idan aka yi musu wannan tambari sai tausayi ya gushe, a koma duka da zagi.

"Mu ba likitoci ba ne, kuma ba mu da kuɗi"

Wannan ita ce hujjar da shugabannin ƙananan ƙungiyoyi suka fi kawowa, kuma ina tausaya musu, domin da yawansu ɗalibai ne ko masu hidimar ƙasa da suke karo-karo daga aljihunsu. Amma ban ce su buɗe asibiti ba.

A jihar Abiya akwai cibiyar Amaudo da cocin Methodist ta kafa domin masu taɓin hankali da ke yawo a titi, wadda daga baya ta haɗa kai da gwamnatocin jihohi aka ajiye ma'aikatan jinya na wannan fanni a ƙananan asibitoci. Da suka ga mutane ba sa zuwa sosai, sai suka horar da masu sa-kai na ƙauyuka su gane alamomin ciwon, su kuma san asibitin da za su tura mutum. Binciken da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa sababbin marasa lafiya da ke zuwa asibitocin sun ƙaru ƙwarai bayan horon. Wayar da kai ne aka yi, amma sai da aka tanadi wurin zuwa tukuna.

A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya fara wani shiri a unguwar Mbare ta birnin Harare a 2006, inda aka horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙaramin asibiti, su saurari mai damuwa, su taimaka masa ya rarrabe matsalolinsa ya ɗauki ɗaya ya fara warwarewa, a zama shida. Gwajin da aka wallafa a 2016 ya tabbatar da cewa waɗanda suka zauna da waɗannan kakanni sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. A nan gida ma, gidauniyar Neem ta Dakta Fatima Akilu ta riƙa ɗaukar masu ba da shawara a adaidaita-sahu tana kai su unguwannin Borno, wurin mutanen da rikicin Boko Haram ya ɗaiɗaita, maimakon ta jira su zo.

Ƙaramar ƙungiya ba za ta iya duk wannan ba, amma za ta iya tura mambobi biyu su je asibitin da ya fi kusa su gana da shugaban sashe, su rubuto ranakun ganin likita da farashi, a buga a takarda ɗaya da Hausa, da boko da ajami, a manna a masallatai da kemis-kemis da ƙofar gidan mai unguwa. Za ta iya ware wanda zai raka iyali zuwan farko, domin wanda bai taɓa shiga babban asibiti ba yakan ɓata rabin yini yana neman wurin yankar kati. Kuɗin hayar zauren otal da na buga riguna da na abin taɓawa, idan aka tara su, za su biya kuɗin mota da maganin wata da watanni ga marasa lafiya da dama, domin tsofaffin magungunan wannan fanni suna cikin masu araha. Ashe maganar ba ta rashin kuɗi ba ce kaɗai, har da inda aka zaɓi a kashe ɗan abin da ake da shi.

Na san wani zai ce masu ba da tallafi hotuna suke so da takardar sa hannun mahalarta. Haka ne, kuma shi ya sa ake yawan ganin fuskoki iri ɗaya a kowane taro. Sai dai rahoton da ya ce an raka mutum kaza asibiti, kaza daga cikinsu suna kan magani bayan wata shida, ya fi hoton tattaki ƙarfi a gaban kowane mai ba da kuɗi da ya san abin da yake yi.

Malamai da masu ruƙiyya fa?

A irin waɗannan taruka an saba a yi wa malamai da masu maganin gargajiya kuɗin goro, a ce su ne tushen matsalar. Ina ganin wannan kuskure ne a dabara, kuma bai dace da tarihin fannin a ƙasar nan ba.

Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Najeriya, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta a 1954. Maimakon a kulle marasa lafiya, sai a sauke su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa tare da ɗan'uwansa, suna zuwa karɓar magani da rana, kuma ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya. A zamaninmu kuma, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun yi gwaji a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci suke ziyartar marasa lafiyan da ke kwance a wurin masu magani da masu addu'a, suna ba su maganin asibiti a can. Sakamakon da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi.

Dalilin a bayyane yake. Idan abu ya faru da tsakar dare, ƙofar liman ake bugawa, ba ta likita ba. Limamin da ya san cewa wanda yake jin muryoyi yana bukatar magani, wanda zai yi masa tofi sannan ya ce wa iyayen gobe da sassafe su kai shi asibiti, ya fi ƙasida goma amfani. Kuma ba sai an nemo masa hujja daga waje ba. Ya san hadisin da ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ya san baƙin cikin Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, har idanunsa suka yi fari, kuma babu wanda ya isa ya kira wannan raunin imani. Tarihin Musulunci ma ya nuna cewa asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali. Ƙungiyar da ta tara limaman unguwa ashirin ta zauna da su yini guda tare da likita mai jin Hausa, ta yi aikin da zai daɗe.

Wannan ba yana nufin a rufe ido a kan zalunci ba. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da fiye da mutum 300, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a jiki, kuma cikin makonnin da suka biyo baya aka bankaɗo irinsa a Daura da wasu garuruwa. Sanya mara lafiya a mari, da dukansa da sunan fitar da aljani, da hana shi abinci, babu addinin da ya yarda da su, kuma wajibi ne a faɗi haka ba tare da kwana-kwana ba. Amma a tuna cewa iyaye ne suka kai 'ya'yansu waɗannan gidaje da ƙafarsu, har suna biyan kuɗi. Ba don ba sa son su ba ne, sai don sun rasa inda za su kai su. An rufe gidajen mari, an yi Allah wadai, amma tambayar iyayen tana nan yadda take.

Wa ke cikin zauren?

Idan aka dubi mahalarta taron otal, za a ga ɗaliban jami'a da ma'aikatan ƙungiyoyi da 'yan jarida, wato mutanen da tuni suka karanta duk abin da za a faɗa a wayoyinsu. Mai damuwa a Hausa ba kasafai yake zuwa ya ce yana da ciwon damuwa ba. Abin da zai ce shi ne kansa yana zafi, ƙirjinsa yana bugawa, wani abu yana yi masa yawo a jiki, barci ya gagare shi, tunani ya yi masa yawa. Da wannan kuka yake zuwa kemis, a ba shi maganin zazzaɓi da na ƙarin jini, ya dawo bayan mako guda a sake ba shi wani. Mai kemis ɗin nan shi ya kamata a tara, shi da ungozoma, da malamar Islamiyyar matan aure, da nas mai awon ciki, da shugaban 'yan adaidaita. Wurin taron kuma zauren mai unguwa ne, ko harabar asibitin sha-ka-tafi ranar rigakafi, ko filin rediyo da ake buɗe waya, inda mace za ta yi tambaya daga ɗakinta ba tare da an ga fuskarta ba.

Taro yana iya cutarwa

Akwai al'adar da ta shigo, ta kawo wanda ya taɓa fama da ciwon ya ba da labarinsa a gaban jama'a ana ɗauka da waya. Idan mutum baligi ne, ya warke, ya kuma fahimci cewa bidiyon zai kai ga dangin mijin da ba ta aura ba tukuna ko ga mai gidan da zai nemi aiki a wurinsa, to wannan jarumta ce. Amma sau da yawa yarinya ce 'yar shekara 19 aka lallaɓa, ta yi kuka a gaban kyamara, aka samu abin sawa a Facebook da TikTok, ita kuma aka bar ta da surutun unguwa. Haka nan masu zuwa su yi wa mara lafiyan da ke bakin titi aski da wanka suna ɗaukar hoto, ba tare da sun tambayi kowa ba, kuma ba tare da wani shirin magani ba. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba zai iya ba da izini ba, kuma mutuncinsa bai zube ba don ya yi rashin lafiya.

Sai kuma waɗanda suka yi bitar kwana biyu suka fara kiran kansu masu ba da shawara, suna karɓar kiran mutanen da ke tunanin kashe kansu, babu wani ƙwararre a bayansu da za su miƙa wa al'amari idan ya fi ƙarfinsu. Kakannin Harare da na ambata suna da masu sa musu ido, kuma suna da inda suke tura wanda ciwonsa ya yi tsanani.

Waɗanda suka fi bukatar a wayar musu da kai

Hujja ta ƙarshe ita ce, samar da asibiti da magani aikin gwamnati ne, ba na ƙungiya ba. Na yarda ɗari bisa ɗari, kuma shi ya sa nake mamakin yadda tattakin yake ƙarewa a shataletale maimakon ƙofar ma'aikatar lafiya.

Tun 1991 Najeriya ta rubuta a manufarta cewa kula da lafiyar ƙwaƙwalwa yana cikin aikin ƙananan asibitoci. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin da ake horar da nas da jami'in lafiya na karkara su gane manyan cututtukan nan su fara ba da magani, su tura wanda ya gagara gaba. Dokar 2023 ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya ta tarayya, da asusu, da haƙƙoƙin mara lafiya. Amma ƙananan asibitoci a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke, kuma mutum zai shiga da yawa daga cikinsu bai samu ko ƙwaya ɗaya ta wannan fanni a kan kanta ba. Ga kuma tsohon kundin hukunta laifuka da jihohin Arewa suka gada, wanda sashensa na 231 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Majalisar Ghana ta soke irin wannan hukunci a 2023. Muddin yana cikin kundin wata jiha, iyali za su ci gaba da ɓoye wanda ya sha guba, su ce kuskure ne, su hana shi ganin likitan da ya kamata ya gani.

Ranar 10 ga Oktoba tana faɗowa ne makonni kaɗan kafin gwamnoni su fara kai kasafin kuɗin sabuwar shekara gaban majalisun jihohi. Ƙungiyoyin da suka iya tara matasa ɗari biyu a kan titi za su iya zuwa wurin shugaban kwamitin lafiya na majalisar jiharsu da bukatu uku a takarda: a ware kuɗin horar da aƙalla ma'aikaci ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, a sanya magungunan ƙwaƙwalwa da na farfaɗiya cikin waɗanda hukumar magunguna ta jiha take rarraba wa ƙananan asibitoci, a kuma goge hukuncin yunƙurin kashe kai daga kundin jihar. Idan kasafin ya fito a watan Janairu, sai su buɗe shi su duba ko an sa, su karanta wa jama'a abin da suka gani a rediyo.